Tambayi Likita: Ruwan famfo, na rijiya da na leda

Tambaya: Likita, ruwan famfonmu yana zuwa da warin magani. Zan iya ba yara? Daga wata uwa a Tarauni, Kano.

Amsa: Ki ba su, Hajiya. Warin kulorin ne da ake sawa a matatar ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya zo da laka ko warin kwata shi ne abin gudu.

Tambaya: Ruwan rijiyar gidanmu garau yake, ba launi ba wari, da shi muke alwala muke sha. Amma tun shigowar damina yarana biyu ke gudawa. Maƙwabcina ya ce in zuba kananzir ko Dettol a rijiyar. Daga wani magidanci a Kurna.

Amsa: Malam, kafin maganar rijiya, maganar yaran. Idan gudawar ta zama tsararo kamar ruwan shinkafa, ko akwai amai, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya daina fitsari, ko ya kasa shan nono, ka ajiye wayar nan ka kai su asibiti yanzu. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, balle yaro. A 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da ita a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kafin ku isa, a riƙa ba su ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗan-kaɗan ba tsayawa. In babu na leda, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a hana su ruwa wai don gudawar ta tsaya, kada kuma a fasa musu kafso ja da yalo daga kemis.

Shi kuwa maƙwabcinka, ka gaishe shi, ka ce likita ya ce don Allah ya bari. Kananzir ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. Abin da zai yi shi ne ya lalata rijiyar, ya shiga cikin yaro, in ya sarƙe shi ya taɓa huhu. Dettol da Izal kuma na wanke rauni da banɗaki ne, babu inda aka rubuta a sha su. Na rasa inda wannan dabara ta samo asali, duk damina sai ta dawo.

Na lura ka ambaci alwala, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Malamai sun koya mana cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba yana tsarkakewa. Wannan hukuncin tsarki ne, ba ni da ta cewa a kansa. Amma lafiyar sha wani awo ne daban, ido da hanci ba sa yin sa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, domin samun ta na nufin bayan gida ya taɓa ruwan. Ruwan da ke ɗauke da dubbanta zai iya zama garau kamar na kwalba.

Ka auna tsakanin rijiyarka da masai, naka da na maƙwabta. Ana son aƙalla mita 30. A gidajenmu na cikin gari, inda katanga ɗaya ta raba rijiyar wannan da shaddar wancan, da wuya a samu ko rabin haka. In damina ta sauka ruwan ƙasa ya taso, sai su haɗu ta ƙarƙashi. Don haka duk ruwan sha daga rijiyar nan a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa masa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. A rufe randa, a ware mata moɗa mai dogon hannu, guga kuma ya daina kwana a ƙasa. Yaran dai, a kai su asibiti ko da ka ga sun ɗan samu sauƙi.

Tambaya: Ina sa alif ruwa ya kwanta. Ya wadatar? Daga wata amarya a Hotoro.

Amsa: Bai wadatar ba, amarya. Alif laka yake kwantarwa. Ki tace, sannan ki tafasa ko ki sa kulorin.

Tambaya: Wai shin wa ke duba lafiyar ruwan da ake ba mu a birni? Daga wani ɗalibi a Gwale.

Amsa: A takarda aikin a rabe yake. Najeriya tana da ƙa'idar ingancin ruwan sha tun 2007, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar. Hukumar Ruwa ta Jiha ce ke da alhakin tacewa da gwada ruwan matatu irin su Tamburawa da Challawa. NAFDAC tana kula da ruwan leda da na kwalba. Rijiyoyi da kwatoci da 'yan ga-ruwa kuma aikin malaman duba-gari ne. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin matata da gidanka. Bututu ya tsufa, ya ratsa ta kwata, ruwa kuma ba kullum yake zuwa ba. Duk lokacin da aka ɗauke, bututun da ya tsage yakan zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi. Shi ya sa gwajin da ya fi amfani shi ne na bakin famfon unguwa, a tabbatar akwai ragowar kulorin aƙalla miligiram 0.2 a lita. A ganina ya kamata a riƙa manna sakamakon a ofishin ƙaramar hukuma kowa ya gani. Ku haɗu da mai unguwa ku nema a rubuce. In kuma gidaje biyu ko uku a layinku suka kama amai da gudawa lokaci guda, ku sanar da asibitin da ke kusa a ranar.

Tambaya: Ruwan leda mai lambar NAFDAC ba shi da matsala, ko? Daga wani direba a Sabon Gari.

Amsa: Ya fi marar lamba, amma ana buga lambar jabu. Ka duba ranar ƙarewa, ka guji wanda ya sha rana, ka wanke bayan ledar kafin ka sa haƙori.

Tambaya: Burtsatsenmu na kusa da masana'antun jima a Sharaɗa. Tafasawa za ta isa? Daga wata malama.

Amsa: A'a, Malama. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire kuromiyam da ake jima da shi ko dalma, kulorin ma haka. Ku kai ruwan ɗakin gwaji ku ce a auna ƙarafa masu guba. Kafin sakamako ya fito, masu ciki da ƙananan yara su sha daga wani wurin, kuma duk mai ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya je a duba shi.