Koci Ya Dawo Da Takardar Shaida, Ma'aikata Sun Yi Gum

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shugabantar wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhaja a Kaduna, mu tara ne. Bara muka tura ɗaya daga cikinmu kwas na kwana uku domin ya zama kocinmu a tsarin Ajayil, wato tsarin da ake raba aikin manhaja zuwa gajerun zanguna ana bita a ƙarshen kowanne. Tun da ya dawo ake taron tsaye kowace safiya, ga allo cike da 'yan takardu masu launi, kowace ɗauke da aiki guda, amma har yau ba ma gama aiki a kan lokaci. Idan aka zauna zaman waiwaye a ƙarshen zango aka tambayi abin da ya lalace, sai kowa ya sunkuyar da kai. Laifin kocin ne, ko horon ne bai isa ba? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina horon ne bai kai ba, kuma ina roƙon kada ki yi saurin yanke wa wannan bawan Allah hukunci. Kwas na kwana uku yana koyar da ƙa'idojin Sikiram, ɗaya daga cikin hanyoyin aiwatar da Ajayil: taron safe na minti 15, zangon da ba ya wuce wata ɗaya, ayarin da bai haura mutum 10 ba. Abin da ba ya iya koyarwa a wannan ɗan lokaci shi ne gano ciwo kafin a ba da magani. Su kansu mutum 17 da suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka a watan Fabrairun 2001 suka rubuta sanarwar Ajayil, abu na farko da suka fifita shi ne mutane da mu'amalarsu a kan tsari da kayan aiki, ke kuwa abin da kika lissafa duk tsari ne da kayan aiki.

Shirun da kika ambata shi ne ya fi tsaya mini a rai. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta taɓa nazarin ma'aikatan jinya a asibitoci, sai ta tarar da cewa rukunin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan kurakuran magani a rubuce. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi samun ƙarfin halin faɗa ne. Daga nan ta fitar da bincikenta na 1999 kan kwanciyar hankalin da ke sa ma'aikaci ya ce "na yi kuskure" ba tare da fargabar tozarci ba. Kamfanin Google ma da ya binciki rukunoni 180 na ma'aikatansa, wannan ne ya samu a sahun gaba. A wajenmu kuma akwai ƙarin nauyi, domin an tarbiyyantar da mu da jin nauyin na gaba, kuma matashi ba zai buɗe baki ya ce shawarar shugaba ce ta jawo tsaiko alhali tana zaune a gabansa ba. Kocin da bai san wannan ba zai ɗauki shiru a matsayin lafiya.

Saboda haka horon da yake buƙata yanzu na kallo ne da sauraro. Ya yi zango guda cur bai gyara komai ba, yana riƙe da littafi yana rubutawa: wa ke magana a taron safe, fuskar wa ake kallo idan ana ba da bayani, kwana nawa takardar aiki ke yi a layin gwaji na allon kafin a taɓa ta. Sannan ya keɓe da kowane mutum shi kaɗai. Idan ya ga gardama, kada ya firgita, domin tun 1965 Bruce Tuckman ya nuna cewa rukuni yakan bi ta matakin saɓani kafin ya daidaita.

Bayan haka ya koyi dabarar da aka sani daga kamfanin Toyota, wato a tambayi "me ya sa" har sau biyar. Me ya sa aiki ya makara? Gwaji ya taru a kwana biyun ƙarshe. Me ya sa? Masu rubuta manhaja ba su gama da wuri ba. Me ya sa? An shigo musu da sabon aiki a tsakiyar zango. Wa ya shigo da shi? A nan ne nake son ki shirya zuciyarki, Malama, domin sau da yawa zaren yakan ƙare ne a teburin shugaba, kuma kocin da ke karɓar albashi daga hannunki ba zai faɗa miki ba sai kin ba shi izini da bakinki a gaban kowa.

Ki nemo masa gogaggen koci, ko ta intanet ne, wanda zai riƙa zama da shi duk mako suna bitar abin da ya gani, suna gwada yadda zai tunkari zance mai nauyi kafin ya tunkare shi da gaske. A zaman waiwaye biyu masu zuwa kuma ki bar musu ɗakin, kowa ya rubuta damuwarsa a takarda ba suna, koci ya karanta su da ƙarfi, su zaɓi matsala ɗaya tak da za su gyara a zango na gaba, sannan ya kawo miki ita.