Tambaya da Amsa: Shin Turawa ne Suka Kafa Jami'ar Aligarh?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatu a Jami'ar Musulmi ta Aligarh da ke Indiya, amma yayana ya ce Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta domin su raba Musulmi da addininsu. Ina neman gaskiyar magana. Daga wani mahaifi, Unguwar Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya sa wa karatun yaron albarka. Gaskiya ne an kafa makarantar a zamanin mulkin Ingila, har ma wakilin Sarauniya a Indiya, Lord Lytton, shi ya aza harsashin kwalejin a 1877, amma wanda ya ƙirƙiro ta ya kuma sha wahalarta Musulmi ne, Sayyid Ahmad Khan, haifaffen birnin Delhi a 1817.

Bayan tawayen da 'yan Indiya suka yi wa Turawa a 1857, Turawa sun ɗora wa Musulmi mafi yawan laifi, su kuma Musulmi suka ƙaurace wa karatun boko, har ayyukan gwamnati da na kotu suka riƙa kuɓuce musu. Wannan ya hana Sayyid Ahmad barci. Ya je Ingila a 1869 ya duba tsarin jami'o'in Oxford da Cambridge, da ya dawo kuma ya bi sarakuna da attajirai yana neman gudummawa, har ya buɗe makarantar a 1875, inda ake koyar da Turanci da kimiyya tare da Larabci da Farisanci da ilimin addini. Daga baya ta zama kwaleji, sannan ta zama jami'a a 1920.

Zargin da yayanka ya yi ba sabo ba ne, domin wasu malaman zamanin Sayyid Ahmad har fatawar kafirci suka fitar a kansa. Mu nan ma mun san irin wannan tsoro. Sai dai Kwalejin Katsina, inda ɗanmu Abubakar Tafawa Balewa ya yi karatu, gwamnatin Turawa ce ta gina ta, alhali Aligarh al'umma ce ta tashi tsaye ta gina wa 'ya'yanta, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a tarihinta.

Ba zan ɓoye maka raunin Sayyid Ahmad ba: ya yi wa Turawa biyayya sosai, hankalinsa ya fi karkata ga 'ya'yan manya, kuma makarantar 'yan mata ba ta samu ba sai 1906, bayan rasuwarsa a 1898. Duk da haka, daga cikin ɗaliban Aligarh aka samu Muhammad Ali Jauhar wanda ya ja daga da Turawa, da Liaquat Ali Khan, firaministan Pakistan na farko, da Zakir Husain, shugaban Indiya na uku.

Yau gwamnatin Indiya ce ke ɗaukar nauyinta, Musulmi da wanda ba Musulmi ba duk suna karatu, kuma babban masallacinta, inda kabarin Sayyid Ahmad yake, yana nan a cikin harabar. Ka bar yaron ya tafi.