Amsa ga taubashina na Kano: yadda mata da miji kan je hutu Ankara

Taubashi, bayan gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaye ni, rabi da wasa rabi da gaske, wai ko mu Hausawan Ghana mun kai lalacewar da magidanci zai ɗauki matarsa su bar gida da yara su tafi wani gari, ba biki ba ta'aziyya, sai yawo da ciye-ciye a bainar jama'a. E, ana yi. Ba kowa ke yi ba, ba kuma kullum ba, amma wanda ya yi ba a nuna shi da baki. Mu na Kumasi galibi Ankara muke nufa, garin da kuke gani an rubuta Accra. Da sunan Ankara kakanninmu suka san shi.

Kafin ka yanke mana hukunci, ka fara sanin inda muke kwana. Kai kana da zaure, kana da turaka, idan ka rufe ƙofa ka rufe. A unguwanninmu na Kumasi, Aboabo ko Asawase, yawancin mutane gidan haya suke, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowane iyali da ɗaki da falo, mai gida kuma sai ya karɓi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin ya miƙa maka makulli. Yara a falo suke kwana, wani lokaci har da ƙanwar matar ko ɗan yayan mijin da aka kawo karatu. Abin da aka faɗa a ɗakin nan da dare, da safe maƙwabciya ta riga ta san rabinsa. Mata da miji sai su shekara ba su taɓa kai wata magana ƙarshenta ba. To wannan ne asalin tafiyar. Teku da gidan tarihi duk a bayansa suke.

Sai kuma batun matanmu. Kulle bai taɓa zama da gindinsa a zango ba, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a garuruwan Ghana. Kakanninmu fataken goro ne da suka biyo hanyar Gwanja ta Salaga, da dama cikinsu a nan suka yi aure, kuma sun tarar da ƙasar da kasuwa ke hannun mata. Uwar gida ta saba fita tun asuba, ko tana da tebur a kasuwar Kejetia, ko tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ko tana saro atamfa. Wadda take ciniki da direbobi da masu kanti duk yini, ba za ta ji wani nauyi don ta zauna da mijinta a gidan abinci ba. Sau da yawa ma ita ce ke kawo maganar tafiyar idan ta kwashi adashi, kuma tunda kuɗinta ya shiga, da bakinta ake tsara inda za a je.

Tafiyar ba ta da wani labari. Tsakanin Kumasi da Ankara kusan kilomita 250 ne, ana shiga babbar mota a Asafo a sauka a Circle. Idan hanya ta yi kyau awa biyar ta isa, idan aka ci karo da cunkoson shiga gari ta wajen Pokuase sai haƙuri. Mai hali ya hau jirgi, bai cika awa ɗaya ba. An fi tafiya bayan Sallah, domin tun zamanin Shugaba Rawlings ranakun Idi biyu hutu ne a ƙasa baki ɗaya. Masu wayo ba sa zuwa a Disamba, lokacin da 'yan ƙasashen waje ke cika gari kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabi, ba sa kuma zuwa a Yuni saboda ruwa da ambaliya.

Ga wahalar da ba za ka yi zato ba: dangi. Babu Bahaushen Kumasi da ba shi da wani a zangunan Ankara, Nima, ko Mamobi, ko Madina, ko Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa fiye da shekara 100 da suka wuce. A al'adarmu, ka shiga gari ka sauka a otal alhali gwaggonka na da rai a Nima, wannan laifi ne da za a riƙa tuna maka har ranar sunan jikanka. Idan kuwa ka sauka a gidanta, hutu ya ƙare tun ba a fara ba. Za a raba ku, kai ɗakin samari, ita ɗakin mata. Gari na wayewa a ce akwai suna a gidan wane, akwai wanda ya dawo daga Umara ba a je masa barka ba, akwai mara lafiya a asibiti. Kwana uku za su wuce kana gaishe-gaishe, matarka kuma tana yankan albasa a bikin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Don haka aka samo dabara, kowa ya san ta, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. A shigo gari shiru. A kama ɗaki nesa da zango, wajen Osu ko Adabraka ko Spintex. A kashe kwana biyu ba a kira kowa ba, ba a sa hoto a WhatsApp ba. Ranar komawa sai a yi wanka a sa manyan kaya, a riƙe ledar tsaraba, a faɗa gidan gwaggo a ce wata 'yar hidima ce ta kawo mu, muka ce ba ma wuce ba mu gaishe ki ba. Ita ma ta yi zamani. Za ta kalli lallen da ke ƙafar matar, ta yi murmushi, ta ce Allah ya yi albarka, ta sa a kawo tuwo. Ba ƙarya aka yi mata ba, ba a kuma faɗa mata duka ba, kuma zumunci bai ji ciwo ba. Wanda asirinsa ya tonu tun ranar farko, yawanci a masallacin Juma'a aka gan shi.

Wannan kuwa da wuya a kauce masa, domin kowa yana son ya yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Hasumiya huɗu gare shi da ƙubbobi irin na Santambul, kuma ga shi dab da Nima, inda rabin masu sahu sun san ubanka. Wasu kan jinkirta shi sai ranar ƙarshe, su haɗa da kai gaisuwa Fadama, unguwar Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu.

Wurin da na ga mata sun fi daɗewa a ciki shi ne makwancin Kwame Nkrumah. A filin ne ya tsaya ya shelanta 'yancin ƙasa ranar 6 ga Maris 1957, an kuma yi wa wurin gyara na gaske aka sake buɗe shi a 2023. Maza kan tsaya kan mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulkin 1966, wanda aka ajiye a nan da kan a gefe, su yi ta muhawarar siyasa. Mata kuwa kabarin matarsa suke nema, Fathia, 'yar Masar, wadda ta rasu a 2007 aka binne ta kusa da shi. Daga nan ɗan taku ne zuwa dandalin Black Star, a ɗauki hoto a wuce, rana ba ta barin mutum ya zauna.

Jamestown ya cancanci safiya guda. Tsohuwar unguwar mutanen Ga ce, ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, ga kurkukun Turawa na da, ga kwale-kwale jere a bakin ruwa. A maƙwabtanta Bukom yake, inda Azumah Nelson da sauran 'yan damben ƙasar suka taso. Masuntan Ga ba sa shiga teku ranar Talata, saboda haka mai son ganin ana sauke kifi ya zaɓi wata rana. Labadi kuma, bakin tekun da ka ga hotunansa suka tayar maka da hankali, ana biyan kuɗin shiga, akwai masu dawakin haya. Ranar Lahadi da yamma wurin na masu kiɗa da giya ne, magidancin kirki ba ya kai iyalinsa. Mutanenmu da hantsi suke zuwa a tsakiyar mako, ita da mayafinta, shi da wando a naɗe, ruwa ya taɓa ƙafa a ja da baya. Ba mu gaji iyo ba, tekun nan kuma yana da ja. Wanda ya gaji da zafin gari ya hau dutse zuwa Aburi, lambun itatuwa ne tun na 1890, akwai sanyi, akwai inuwa, ba mai damun ku.

Yanzu abinci, wanda na san shi ne ainihin tambayarka, domin na san cikinka. Musulmi a Ghana kusan kashi 20 ne cikin 100, saboda haka ba kamar Kano ba ne da za ka faɗa kowace rumfa ka ce a zuba. Yaron zango tun yana ƙarami ake koya masa duba tukunya. Nama a mahauta ba shi da matsala sosai, domin fawa a hannun Musulmi take tun da. Hatsarin yana wajen miya. A gidan sakwara na Tonawa, wato Ashanti, ana iya haɗa akuya da naman daji a miya ɗaya, wanda ba ka san wa ya yanka ba, ko ma an yanka. A unguwannin Ga kuwa akwai gasasshen alade da suke kira domedo, ana sayar da shi a fili, jajawur da shi, baƙo zai ɗauka balangu ne. Shi ya sa idan muka fita daga zango muke komawa kifi. Banku, tuwon ƙullun masara mai tsami, da gasasshiyar karfasa da ɗanyen barkono da albasa, ko dokunu da soyayyen kifi da shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi. Da hannu ake ci, a kwano ɗaya, kuma yawancin ma'aurata a nan ne suke fara cin abinci tare ba yaro a tsakani.

Da safe ba a neman komai sai waakye. Shinkafa da wake ce da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba a ganye, a ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da shito. Duk faɗin Ankara, lauya da ɗan sanda da fasto layi suke bi a gaban wata Hajiya, domin sana'ar matan zango ce, kamar koko da ƙosai da tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalonku. Ka ga ke nan a garin da ba namu ba, mu ne ke ciyar da shi karin kumallo. Da dare sai kelewele, nunanniyar agada da aka cuɗa da citta da barkono aka soya, a haɗa da gyaɗa, ana tafe ana ci. Tsire ma yana nan ko'ina, sai dai kai da ka saba da na Kano ba zan yi maka alkawari ba. A kora da lamurje ko burkina, gero da nono mai sanyi.

Akan ware dare ɗaya a je wurin masu farin faranti a Osu, wajen Turkawa ko Labanawa, inda ake rubuta halal a ƙofa. A nan matar take sa leshin da ta ɓoye a ƙasan jaka. Kuɗin cin mutum biyu ya kai cefanen mako, kuma a ganina waakyen safe ta fi shi daɗi nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin macen da ta yarda a tsallake wannan daren ba.

Kada ka ɗauka dattawanmu duk sun sa albarka. Akwai masu cewa kuɗin da aka zubar a otal gara a tara na Makka, akwai malaman da ke wa'azi a kan hotunan bakin teku. A kan hotunan ina tare da su. Tafiyar da aka yi don a huta da idon mutane, ban ga dalilin dawowa a baje ta a Facebook ba. Ina kuma ƙin wanda zai ci bashi don maƙwabci ya kai matarsa. Mai mata biyu kuwa ya san sauran: abin da ya yi wa uwargida, kwana da kwana, faranti da faranti, sai ya yi wa amarya, shi ya sa irinsu suka fi kowa tsananin wa'azi a kan almubazzaranci.

Tsaraba dole ce, ko da aljihu ya huje. Ranar ƙarshe matar kan shiga kasuwar Makola ta sayi turmin atamfa na surukarta, wadda ta riƙe yara, da takalman makaranta, mijin kuma ya tsaya a bakin kasuwa riƙe da jaka yana duba agogo. Biredi a hanya ake saye, a Nkawkaw.

Idan ka yi zuciya za ka kawo Hajiya, fasfo ɗinka na ECOWAS ya isa, ba a neman biza, sai dai kada ka manta da katin rigakafin shawara, ana tambaya a filin jirgi. Ka gaida Kawu, ka ce masa goron yana hanya.