Ɗan sarki na neman 'yata: me za mu tsare mata kafin a ɗaura aure?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, mun daɗe a Agege. 'Yata ta karanta harhaɗa magunguna, tana aiki a Ikeja. Wani ɗan sarki daga Arewa mai riƙe da hakimci ya fito neman aurenta, yana da mata ɗaya. A iya abin da muka gani mutumin kirki ne, ita ma tana sonsa. Amma labarin 'ya'yan Sarkin Dubai da na ji ya tsaya mini a rai. Da gaske ne matan gidan sarauta ba sa fita? Addini ne ya ce haka? Me ya kamata mu yi? Daga wata uwa a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tabbatar da alheri. Kin yi tambayar a kan kari, domin duk abin da za a iya tsare wa 'yarki, kafin a shafa fatiha ake tsare shi. Bayan an kai amarya, sai dai roƙo.

Labarin Dubai da kika ji yana da tushe. A watan Maris na 2020 babbar kotu a Landan ta fitar da sakamakon bincikenta, inda ta ce Sarkin Dubai, Sheikh Muhammad bin Rashid, shi ya sa aka ɗauke 'yarsa Shamsa daga garin Kambirij na Ingila a 2000, haka kuma aka tare 'yarsa Latifa a teku kusa da gaɓar Indiya a 2018 aka mayar da ita gida. Shi ya ce ɓangare ɗaya aka saurara. A Saudiyya, sai a watan Yunin 2018 aka bar mata su tuƙa mota, sai a 2019 mace mai shekara 21 ta sami ikon yin fasfo da tafiya ba da sa hannun waliyyi ba. Gimbiya Basma bint Saud ta yi kusan shekara uku a tsare, daga 2019 zuwa farkon 2022, ba a gurfanar da ita ba. A wannan gida ne kuma Gimbiya Rima bint Bandar ta zama jakadiyar ƙasar a Amurka a 2019. Gida ɗaya, wata tana wakiltar ƙasa, wata tana kurkuku.

Can mai gida shi ne gwamnati, 'yan sanda da filin jirgi duk a hannunsa suke. Sarakunanmu ba su da wannan iko. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga a sashe na 41, matar sarki ma tana ciki. Abin da ke riƙe mace a gidan sarautar Hausa ya fi kama da igiyar kunya da gudun abin faɗa, da rashin kuɗin kanta, da tsoron rabuwa da 'ya'ya. Wannan igiya ba a ganinta, amma tana ɗaure mutum tamau.

Kulle tsohon abu ne a fada. Tarihin sarakunan Kano ya danganta fara shi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Tun daga nan ɓoye mata ya zama alamar girma: mai iko shi ne wanda matarsa ba ta zuwa rijiya ko kasuwa, wasu ke je mata. Tsarin ginin ma haka yake faɗi. Akwai ƙofar fada da soraye inda maza ke zama, akwai cikin gida inda baligi ba ya wucewa sai da dalili. Tsakanin biyun jakadiya ce gada. Ita ke kai saƙo, ita ke shigo da baƙuwa, ita ke sanar da mai gida abin da ke gudana. Amaryar da ta raina jakadiya ta sa kanta a wahala, domin maganarta za ta riƙa isa a makare ko a karkace. Sama da kowa akwai mahaifiyar sarki, wadda a Kano ake kira Mai Babban Ɗaki, a Borno Magira. Sau da yawa ita da manyan matan gidan ne masu tsare al'ada, fiye da mijin kansa.

A aikace, macen da ke zaune cikin irin wannan gida ba ta tashi ta ɗauki jaka ta fita. Ana neman izini, a fitar da mota da direba, a haɗa ta da 'yar rakiya, kuma a san inda za ta da lokacin dawowa. Biki da suna da gaisuwar mutuwa ana tace su, ba kowane gida ake zuwa ba. Baƙinta sai an yi musu iso. Ɗan kawunta da suka tashi tare zai iya tsayawa a zaure ya aika gaisuwa. Ga kuma abin da iyaye ba sa lissafawa, wato kyauta. Duk wanda ya durƙusa ya ce "ranki ya daɗe" yana sa ran wani abu, daga kuyangi har zabiya da maroƙa, kuma wadda hannunta ba ya sakewa sunanta zai zaga gidan. Yarinyar da ta saba shiga BRT da safe, ta ci albashinta yadda ta so, abin da zai fi damunta a shekarar farko shi ne kaɗaici da zaman jiran izini, ko da ɗakinta cike yake da gwal.

Sai dai gidajen ba ɗaya ba ne. Zama a cikin fada daban, zama a gidan hakimi a ƙasarsa daban, zama da ɗan sarkin da ke da gidansa a Kaduna ko Abuja daban. Akwai matan gidan sarauta likitoci da malaman jami'a da 'yan kasuwa. Saboda haka tambaya ta farko da waliyyinta zai yi ita ce: a wane gida za ta zauna, kuma maganar wa ake bi a gidan? Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce duba uwargidan. Tana aiki? Yaushe rabonta da gidan iyayenta? Wayarta a hannunta take? A tura mace mai hankali daga danginku ta yi kwana biyu a garin ta saurara. Yadda ake riƙe uwargida, haka za a riƙe amarya bayan ɗoki ya wuce.

Game da addini, masu kulle suna kafa hujja da aya ta 33 a Suratul Ahzab, wadda ta umarci matan Annabi (SAW) da su tabbata a gidajensu, kuma malamai da yawa sun ce ladabin ya shafi sauran mata. Amma a Bukhari an ruwaito cewa an yi wa mata izinin fita don bukatunsu, an kuma ruwaito hani ga hana mata zuwa masallaci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka su karantar da mata. Neman izinin miji kafin fita yana da asali a fikihu. Raba mace da iyayenta, ko hana ta asibiti da ilimi, wannan ba shi da mafaka. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, ko miji ya rantse matarsa ba za ta ziyarci iyayenta ba, alƙali zai sa ya karya rantsuwar matuƙar ita amintacciya ce, ko da yarinya ce. Iyayenta suna da haƙƙin shiga wurinta duk mako. Mace mai daraja kuma tana da ikon ƙin zama a haɗe da dangin miji, sai in an gindaya mata hakan tun farko ta yarda. A lura da wannan gaɓa sosai, kada a amsa zaman babban gida da baki a ɗauka wasa ne.

Inda iyaye suka fi yin kuskure shi ne wajen sharaɗi. Ango ya ce "ai ba komai, za ta ci gaba da aikinta", kowa ya ji daɗi, a tashi. A Malikiyya, sharaɗi irin na kada a fitar da ita daga garinsu ko kada a yi mata kishiya, an so miji ya cika shi, amma alƙali ba zai tilasta masa ba in alkawari ne zalla. Hanbaliyya ce ke ɗaukarsa dole. Abin da ke ba sharaɗi haƙora a wurinmu shi ne a rataya shi da tamliki, wato mijin ya furta cewa idan ya hana ta aiki, ko ya hana ta zuwa wurin iyayenta sau kaza a shekara, to al'amarinta yana hannunta, tana iya sakin kanta. A sami malami masanin fikihu ya tsara lafazin, a fayyace saki nawa ake nufi, a rubuta, ango da waliyyi da shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Kada a yawaita sharuɗɗa, uku sun isa: wurin zama, aiki, da ziyarar gida tare da wanda zai biya kuɗin jirgi ko mota zuwa Legas. Kada kuma a bari sai ranar ɗaurin aure a masallaci, ga dogarai ga manyan baƙi, domin a nan babu waliyyin da zai iya buɗe baki. A gama maganar tun ranar sa rana, tsakanin manya. In kuna jin nauyi, ku nemi limamin unguwa ko wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawan Agege ya shige gaba, sarauta ta fi jin maganar sarauta. Wanda ya fusata don an ce a rubuta, ya riga ya ba ku amsa.

Wasu za su ce a je rajistar aure ta Ikoyi don ƙarin kariya. Wannan ba zai yiwu ba a nan, auren rajista na mace ɗaya ne, shi kuwa yana da mata. A sani kuma Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, don haka in rigima ta taso, galibi a kotun garin da suke zaune za a yi ta, inda sunan gidansu ke da nauyi. Shi ya sa takarda ta fi shaidar baki.

Dukiyarta tata ce, sadakinta nata ne. Asusun bankinta ya zauna da sunanta da lambar wayar da ke hannunta. Fasfo da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta kada su shiga akwatin kowa, a bar kwafinsu a wurinki. Lasisin aikinta ta riƙa sabunta shi duk shekara ko da ta ɗan dakata da aiki saboda haihuwa. Gwal da kayan ɗaki a rubuta su, a ɗauki hotonsu kafin jere. Dalili shi ne gidan sarauta na kujera ne, ba ya shiga gado. In mai gida ya rasu ko aka sauke shi, iyali kan tashi. Mutanen Legas shaida ne, a watan Maris na 2020 da aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, nan garin iyalinsa suka sauka. A gado kuwa, matan mamaci duka tumuni ɗaya, wato kashi ɗaya cikin takwas, suke rabawa in akwai 'ya'ya, ko su biyu ne ko huɗu.

Maganar 'ya'ya ita ce mafi zafi. Al'adar gidajen sarauta ita ce ɗan sarki ba ya tashi a waje, har akan ɗauki yaro a ba wata matar gidan ta riƙe shi. Hukuncin Malikiyya kuwa ya ba uwa renon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure reno ya koma ga kakar yaran ta wajen uwa, wato ke kenan Hajiya. Ciyarwa tana kan uba a kowane hali. Ki zaunar da 'yarki ki karanta mata wannan tun yanzu, tare da mahaifinta ko wanda zai yi mata walicci, sannan ku sa ranar da za ku gana da manyan angon.