Masarata tana sito, farashi ya faɗi: in sayar ko in jira?

Wani ɗan kasuwa ya aiko mini da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Zariya, shekara 11 ke nan. A kakar 2024 na ga maƙwabtana biyu da suka ajiye masara a shekarar baya sun ninka kuɗinsu, sai ni ma na kwashe jarin shago na je Giwa na sayi buhu 120, kowane buhu naira 60,000. A cikin kuɗin akwai miliyan 2.5 na wan matata, ya ba ni a kan mu raba riba. Yau muna cikin Agustan 2025, dillali ya taya 38,000. Ina biyan hayar sito 40,000 duk wata, shago kuma ya yi fayau, alhali a da duk kayan dubu ɗari da na zuba ina samun dubu biyar a kai cikin wata. Na rantse ba zan sayar ba sai ta koma kuɗin da na saya. Wan matata bai san halin da ake ciki ba, kuma ba na son a ce a kasuwa na karye. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dubu sittin ɗin nan da ka kafe a kai. Wannan lamba kai kaɗai ka san da ita. Mai kamfanin abincin kaji da zai aiko yaronsa ya sayi masara bai san nawa ka saya ba, kuma ko ya sani ba zai ƙara maka sisi ba. Zai duba ƙwayar, ya dubi abin da ake sayarwa a Dawanau da Saminaka da Dandume a wannan makon, ya taya. Buhunka da buhun wanda ya saya a dubu talatin kuɗinsu ɗaya a gabansa.

Asarar da kake gudu ta riga ta auku. Ka zuba naira miliyan 7.2, abin da ke cikin sito yau ya kai miliyan 4 da dubu 560. Giɓin miliyan 2 da dubu 640 yana nan ko ka buɗe ƙofar sito ko ka bar ta a garƙame. Rashin sayarwa ɓoye maka shi kawai yake yi, don kada idonka ya gani a rubuce.

Ba kai kaɗai kake da wannan hali ba, haka aka gina zuciyar ɗan Adam. A 1979 wasu masana halayyar mutane biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka fitar da bincikensu kan yadda mutum yake zaɓi idan akwai kasada. Abin da suka gano, kuma suka ƙara auna shi daga baya, shi ne zafin rasa abu ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun kwatankwacinsa, kuma mutumin da ya ga asara a gabansa ya fi saurin shiga wata kasadar don ya kauce mata. A 1998 wani masani, Terrance Odean, ya bi diddigin asusun masu sayen hannun jari 10,000 a Amurka, ya tarar suna saurin sayar da wanda ya yi riba, suna rungume wanda ya faɗi suna jiran ya dawo. Mutanen da ba su taɓa ganin buhun masara ba, amma ciwonsu da naka iri ɗaya ne.

Ga tambayar da nake son ka yi wa kanka bayan sallar asuba, kafin hayaniyar kasuwa ta shiga kanka. Da a ce yau ba ka da masara ko tiya ɗaya, sai aka damƙa maka naira miliyan 4 da dubu 560 a hannu, za ka ɗauke su ka sayi buhu 120 na tsohuwar masara wata tara a sito, a cikin Agusta, sabuwa tana gab da shigowa kasuwa? Idan amsarka a'a ce, to ka sani duk safiyar da ka bar ta a sito daidai take da ka sake sayen ta a kan wannan farashi.

Mu yi lissafin jira da alƙalumanka. Hayar sito dubu 40 a kan buhu 120 ta kama kusan naira 330 a kowane buhu duk wata. Dubu 38 da ke kwance a cikin buhu ɗaya, da tana shago tana juyawa yadda ka ce, da ta kawo naira 1,900 a wata. Ka haɗa su, kowane buhu yana cin kimanin 2,200 duk wata. Masara a ƙasarmu takan yi araha da kaka, ta fara ɗagawa da bazara, ta kai ƙololuwa a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Wato jiran da kake magana a kai na wajen wata goma ne, zuwa Yunin baɗi. Wata goma sau 2,200 ya ba da dubu 22. Ka ɗora a kan dubu 38, ka ga dubu 60. Ma'ana ko da Allah ya sa farashin ya koma daidai yadda ka saya, ba ka fi wanda ya sayar yau da komai ba. In ma ka ce shagon ba zai iya cinye kuɗin duka ba, ka raba wannan tsada biyu, har yanzu sai buhu ya haura dubu 49 kafin jiran ya biya kansa. Kuma ban sa ƙwari a lissafi ba, ban sa raɓar damina da ke sa masara ta yi fumfuna ba, ban sa ragin nauyi ba. Mai saye yana zura hannu ya ji gari a ƙasan buhu zai zaftare maka kuɗi, kuma da gaskiyarsa.

Akwai wata asarar da ba ta shiga littafi. Matar da ta saba aiko yaro shagonka sayen sukari da man gyaɗa, in ya dawo sau uku da "babu", ta canza shago ke nan. Shekara 11 ka yi kana tara waɗannan mutane.

Game da maƙwabtanka da suka ninka kuɗinsu, yana da kyau ka san abin da ya ba su wannan riba. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, wato aka bar kasuwa ta yanke darajarta, dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin mota da na taki suka tashi, 'yan bindiga suka hana noma a wurare da yawa, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Duk wanda ya ajiye hatsi a kakar 2023 ya ci riba, mai wayo da marar wayo. Sai dai tsadar da kanta ta jawo abin da zai karya ta. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. Manoma suka faɗaɗa gonaki saboda sun ga kuɗi. Ma'aikata da masu shaguna irinka da ba su taɓa harkar hatsi ba suka cika sito-sito, kowa yana jiran rana ɗaya ya fitar. Lokacin da labarin riba ya iso kunnen kowa, a lokacin ne ribar take ƙarewa, domin masu jiran sayarwa sun fi masu saye yawa. Ba na faɗin wannan don in ɗora maka laifi. Ka ga mutanen da ka sani sun samu da idonka, kuma duk mai neman na kansa zai ji abin da ka ji.

Yanzu maganar da na ga ita ce ainihin abin da ya ɗaure ka, wato wan matarka da bakin mutane. 'Yan kasuwar da kake jin kunyarsu, da yawansu suna da nasu buhunan a kulle, kowa yana fama da nasa. Za a yi maganarka kwana biyu a wuce. Ɗan kasuwar da ake cewa ya karye shi ne wanda aka zo shagonsa aka tarar a rufe, kuma hanyar da kake kai yanzu can ta nufa.

Wan matarka kuwa yana da haƙƙin ya sani, yau ba gobe ba. Kuɗinsa ne, kuma duk watan da ka ƙara kana shiru kana yanke hukunci a kan dukiyarsa ba da izininsa ba. In ya ji a bakin dillali, abin da zai ɓace ya fi kuɗi. Ka je gidansa da kanka, kada ka aika matarka, kada ka sa ta a tsakiya. Ka tafi da takardar sayen kaya da lissafin haya. Yadda ka bayyana yarjejeniyarku, cewa ya ba da kuɗi a raba riba, ta yi kama da abin da malamai suke kira ƙiradi, kuma a ƙiradi asara tana kan dukiya matuƙar mai juya ta bai yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi ba. Kasonsa ya kai wajen kashi 35 cikin ɗari na jarin, don haka rabonsa na faɗuwar zai kama kusan naira dubu 900. In kuwa rance ne ya ba ka, kuɗinsa cif za ka mayar. Ku zauna gaban malamin da ku biyun kuka yarda da shi ya warware muku, a rubuta. In daga baya ka ga dama ka cika masa wani abu don zumunci, wannan kyautatawa ce daga gare ka. A wurin malamin nan kuma ka tambayi kaffarar rantsuwarka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara.

Shawarata ita ce ka sayar, kuma ka fara cikin makon nan kafin sabuwar masara ta cika kasuwa. Kada ka tsaya a bakin dillali ɗaya. Ka ɗebi samfur a leda ka kai wa masu gidajen kaji da masu injin haɗa abincin dabbobi da ke kewayen Zariya da Kaduna, su ne masu saye da yawa, kuma in kun daidaita kai tsaye ka tsira da kuɗin la'ada. Kuɗi hannu, kada ka bayar bashi don an ƙara maka dubu ɗaya a buhu. In zuciyarka ta kasa sakin duka, ka ware buhu 20 mafi kyau, ka shanya su bushe sosai, ka juye a buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, ka kai su gida ka saki siton. Ka rubuta ranar da za ka sayar da su ko nawa kasuwa ta kama, ka ba wan matarka takardar ya riƙe. Sauran buhu 100 a kan dubu 38 za su ba ka miliyan 3.8. Ka fitar masa da nasa, abin da ya rage ka fara da kayan da aka fi tambaya a shago, sukari da mai da taliya da sabulu, sauran su biyo baya a hankali.