Amsa: gwada saƙo mai layuka da yawa idan an sake kunna manhaja

Malam, ka tambayi yadda za ka tabbatar dogon saƙon kuskure bai rabe biyu ba bayan ka sake kunna Filebeat, manhajar da ke karanta fayilolin log (inda manhajoji ke rubuta abubuwan da suka faru) tana tura abin da ke ciki zuwa wani wuri. Kada ka jira matsala ta zo da kanta, ƙirƙiro ta. Rubuta rabin saƙon a fayil ɗin log, kashe Filebeat nan take, ƙara sauran layukan, sannan ka kunna shi. Gaggawar na da dalili: idan ba a canza saitinsa ba, daƙiƙa 5 kawai Filebeat yake jira kafin ya tura abin da ya tara, ko bai cika ba. Daga nan duba ko saƙon ya iso ɗaya, ko ya maimaitu. Ni dai nakan sa wa kowane layi lamba don in gane wanda ya ɓata ko ya maimaitu. Ka kuma maimaita gwajin da kill -9, umarnin da ke kashe manhaja da ƙarfi ba tare da ta kammala aikinta ba, don kashewar bazata daban take.