Baba ya ce ba zai biya kuɗin makaranta don a koya mini talla ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Unguwar Rogo a nan Jos. Na gama sakandare bara, yanzu ina taya kawuna zaman shagonsa na kayan masarufi kusa da Taminus. Kullum ma'aikatan kamfanoni na zuwa ɗaukar oda, kuma aikin yana burge ni. Akwai wani da kawu ya ce shi ba kowane shago yake shiga ba, manyan diloli kawai yake kula da su. Ina so in karanci maketin, amma Baba ya ce ba zai biya kuɗi a koya mini talla ba. Wane karatu ya dace da ni, jami'a ko foliteknik? Kuma ta yaya mutum ke kai wa matsayin wancan mai kula da manyan diloli?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da maganar Baba, don na san ita ta fi tsaya maka a rai. Kada ka yi masa gardama. A kunnen dattijo, talla ita ce yarinya da farantin gyaɗa a ka, ko mai lasifika yana kiran maganin basir a tasha. Duk wanda iyakar abin da ya gani ke nan, yana da hujjar riƙe kuɗinsa. Abin da za ka nuna masa cikin ladabi shi ne, kowane kamfani mai sarrafa kaya, daga NASCO da ke garin nan tun 1963 har Grand Cereals da ke Bukuru, ta ƙofa ɗaya kuɗi ke shigo masa, ƙofar masu sayarwa. Injiniya ya sarrafa, akanta ya ƙirga, amma muddin kaya ba su bar sito ba, babu mai ganin albashi a ƙarshen wata.

Mutumin da kawunka ya nuna maka shi ake kira manajan manyan kwastomomi. Dalilin da ya sa kamfani ke ware masa kujera ta musamman abu ne da kai ma ka san shi daga shago. Wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, ya lura cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na filayen ƙasarsu suna hannun kashi 20 na jama'a, daga baya 'yan kasuwa suka ga cinikinsu ma haka yake tafiya: 'yan tsirarun masu saye ne ke ɗauke da mafi yawansa. Ba dole lissafin ya faɗa daidai kan 80 da 20 ba, amma ka tambayi kawu mutum nawa ne in suka daina sari a wurinsa zai ji a jikinsa. Da wuya su wuce yatsun hannu. To kamfani ma yana da irin waɗannan: dilan da ke sauke tirela guda, babban kantin zamani mai rassa, asibiti, otal, gonar kaji mai dubban tsuntsaye. Rasa ɗaya daga cikinsu ya fi rasa ƙananan shaguna ɗari ciwo, shi ya sa ake damƙa su ga wanda aka gwada aka yarda da shi.

Mutane da yawa suna zaton aikin na mai zaƙin baki ne. Ni da na kwana na tashi a cikinsa ina gaya maka baki shi ne mafi ƙarancin abin da ake bukata. A shekarata ta biyu da wani kamfanin kayan abinci, wata ya zo ƙarshe ban cika adadin da aka yanka mini ba. Na je wurin wani Alhaji, babban dilanmu, na lallashe shi ya karɓi cikakkiyar tirela bashi maimakon rabin da ya saba. Ya yarda saboda ni. Ofis suka yaba mini, na karɓi kamashona. Bayan mako shida na koma. Alhaji bai ɗaga murya ba. Tocila ya miƙo mini, ya ce, "Shiga ciki ka duba kayanka." Katan-katan ne jere har kusa da rufi, ƙura ta lulluɓe na sama, na ƙasa kuma sanyin damina ya fara cin kwalinsu. Na haska jikin wani na karanta ranar lalacewarsa, gabana ya faɗi. Jarin bawan Allah na ɗaure a ɗaki, ga bashinmu a wuyansa. Wata biyu na yi ina lodin kayan nan a motar aiki, ina bin ƙananan shaguna har Mangu da Fankshin ina sayar masa da su kafin na iya haɗa ido da shi. Tun ranar na gane cewa kayan da suka shiga siton dila ba a sayar da su ba tukuna, wurin kwana kawai suka sauya. Aikin mai kula da babban kwastoma shi ne ya ga kaya sun fita daga hannun kwastoman, ba su yi kwantai ba, kuɗin kamfani kuma sun dawo a kan lokaci.

Nan lissafi ke shigowa. A ce dila ya sari katan a naira 20,000 ya sayar 20,600. Ribarsa kashi 3 ce kacal. Wani kamfani ya zo masa da kaya masu ribar kashi 8, sai ya ce maka zai koma can. Idan kai mai surutu ne kawai, sai ka shiga roƙo ko ka yi masa alkawarin ragin da ba ka da ikon bayarwa. Idan kuwa ka san littafinsa, sai ka nuna masa naka suna ƙarewa duk mako, wancan kuwa wata biyu suke yi a ƙasa. A mako takwas jarinsa ya juya sau takwas a naka, ya tara kashi 24, can kuwa kashi 8 ɗin nan ce tilo. Alhajin da ya ga wannan a rubuce ba ya bukatar lallashi. Haka batun bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kai ne za ka san iyakar da za a ba kowane kwastoma da kwanakin da zai biya, kuma kai ne za ka iya ce wa mutumin da kuke cin abinci faranti ɗaya, "Alhaji, ba za a yi lodi ba sai an rage na baya." Wannan ita ce ranar da ta fi kowace wuya a aikin.

In aiki ya kai ka Abuja, salon ya ɗan bambanta, don can kantunan zamani da otal-otal da asibitoci da ma'aikatu ne suka fi yawa, kuma komai da takarda. Kwastoma ɗaya mutum huɗu ne ko biyar: mai sayen kaya, mai kula da sito, akantan da takardar biyanka za ta kwana a teburinsa, da mai sa hannu na ƙarshe. Kowannensu da abin da ya dame shi. Kuskure ɗaya a lissafin harajin VAT na kashi 7.5 ya isa ya riƙe kuɗin kamfaninka makonni.

Yanzu karatu. Kula da manyan kwastomomi matsayi ne da ake hawa a wurin aiki, ba kwas ba ne da za ka cike a fom ɗin JAMB. Abin da za ka nema shi ne maketin ko gudanar da kasuwanci, inda za a koya maka binciken kasuwa, halayyar mai saye, yanka farashi, hanyoyin rarraba kaya, dokar kwangila da akanta. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da ilimin tattalin arziki. Digiri shekara huɗu ne, kuma Jami'ar Jos da Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada duk suna da tsangayar da ke koyar da harkokin gudanarwa da kasuwanci. A foliteknik kuwa, irin ta jihar Filato da ke Barikin Ladi ko ta Kaduna, shekara biyu ne ND, wato ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan shekara biyu HND, wato babbar difloma. Kafin ka biya ko sisi, ka duba kundin JAMB na bana, ka kuma tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ko NBTE mai kula da foliteknik ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar.

Ra'ayina, in ka samu gurbin jami'a ka karɓa, domin wasu manyan kamfanoni idan za su ɗauki sababbin ɗalibai don horarwa sukan nemi digiri mai kyakkyawan sakamako, su kuma sa iyakar shekaru. In foli ta fara kiranka, kada ka zauna jiran shekara mai zuwa. Shekarar nan guda da ke tsakanin ND da HND, in ka yi ta a bayan motar rarraba kaya, ta fi wasu darussan aji amfani, kuma da ND mai kyau kana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Idan hali ya matsa, akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, kana shago kana karatu. Takardar ƙungiyar ƙwararrun maketin ta ƙasa, NIMN, wadda doka ta kafa a 2003, tana ƙara wa mutum kwarjini, amma wannan sai ka fara aiki.

Ga wata hanyar da za ta iya sasanta ka da Baba. Kamfanonin magani sun fi ɗaukar wanda ya karanci haɗa magunguna ko kimiyya ya zama wakilinsu, don shi zai tsaya gaban likita. Masu abincin kaji, waɗanda kasuwarsu ke da ƙarfi a Filato, suna son likitan dabbobi ko wanda ya karanci kiwo. Idan kanka ya fi ja a kimiyya, karanta ta, sayarwa ba za ta gudu ba.

Bayan bautar ƙasa, daga ƙasa za ka fara: wakilin sayarwa, shago-shago, rana da ruwan sama da sanyin hunturun Jos. Daga nan a ba ka gari ko yanki, sannan in an ga bashinka ba ya nutsewa, dilolinka ba sa ƙorafi, a miƙa maka manya. A abin da na gani, mai ƙwazo yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar. Hausarka jari ce, domin kamfanonin da hedikwatarsu ke Legas suna neman wanda zai zauna kan buhu a kasuwar Katako ko ta Faringada a fahimce shi. Amma rahoto da Turanci ake rubuta shi, saboda haka ka gyara rubutunka. Ka koyi manhajar lissafi ta Excel sosai, ka yi lasisin tuƙi. Manhajojin adana bayanan kwastoma irin su Salesforce, kamfani zai koya maka nasa.

Abu biyu nake roƙon ka ka kiyaye. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista ko ka sayi kaya da kuɗinka kafin ya ɗauke ka aikin maketin, kai ne kwastomansa, ba ma'aikacinsa ba. Na biyu, kuɗin dila kada su taɓa kwana a asusunka na banki, ko da shi ya roƙe ka, ko da na dare ɗaya ne. Na ga samari masu basira da wannan ya raba su da aiki, kuma labari a kasuwa ba ya tsayawa a kamfani ɗaya.

Gobe in ka buɗe shago, sayi littafi mai shafi arba'in. Zaɓi kaya goma. Kowanne ka rubuta ranar da ya shigo, katan nawa, nawa aka saro, nawa aka sayar, da ranar da na ƙarshe ya fita. In wakilin kamfani ya zo, ka taya shi ƙirga abin da ya rage a kanta, ka tambaye shi yadda yake tsara zagayensa na mako. Bayan wata uku za ka iya gaya wa kawu wane kaya ne ke juya masa kuɗi, wanne ne ke cin wuri a banza. Sai ka roƙe shi ya raka ka wurin Baba da littafin a hannu, ka bar shi ya fara magana.